Ranar da Malama ta sa na yi shiru

Shekarar da korona ta kulle mu a hawa na tara a unguwar Setapak, can ƙasar waje, 'yata ta fari tana da shekara goma sha ɗaya. Ba ta ji sosai tun wani zazzaɓi da ta yi tana goye. Da na'urar kunne da kallon leɓe take gane magana, sai ga takunkumi ya rufe bakin kowa.

Makarantarsu ta koma cikin waya. Malamarsu wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, mai yawan dariya, kyanwarta na gilmawa ana cikin darasi. Ni kuwa kullum ina gefen yarinyar da tiren gyaran alayyafo. Da an tambaye ta, kafin ta ɗago na amsa. A ganina taimako nake.

Wata safiya Malama ta ce, "Mama, ke kin ci jarrabawa fa. Saura ɗalibata." Kunya ta rufe ni.

Da aka tashi ta kira ni. Ta tambaye ni me ya sa yarinyar take sunkuyar da kai in babba na magana. Na ce tarbiyya ce, a wajenmu yaro ba ya zuba wa babba ido. Ta ce tarbiyyar tana da kyau, amma wannan yarinyar da ido take ji. In ta sunkuya, maganar ta wuce ta ke nan. Ni kuma shekara da shekaru ina kwaɓarta a kan kallon. Ranar na daɗe a kan sallaya, ina roƙon gafara, ina yi wa baiwar Allahn nan Malama addu'a.

Malama ta sa ta rubuta kati da hannunta, da yaren ƙasar: ba na ji sosai, don Allah a rubuta mini. Sati uku suna gwaji. Malama ta zama mai kanti mafaɗaci, ta zama likita mai gaggawa, yarinyar na ɗaga kati tana ƙyalƙyalewa.

Da aka sassauta kulle, aikin gidan da aka ba ta shi ne ta sauka shagon mamak, wato gidan abincin da ke ƙasan benenmu, ita kaɗai, ta yo mana tapau, wato ta sayo a leda, na roti uku, irin gurasarsu. Babanta ya ce, "Ki bar ta mana. Ƙasan bene ne, ba Kano za ta ba." Na ce to. Tana fita na zura hijabi, na bi ta, na laɓe bayan ginshiƙi.

Mai shagon ya yi magana ta cikin takunkumi. Ta dube shi tsakar ido, ta miƙa kati. Ya rubuta, ta rubuta. Da ya miƙo leda ta buɗe ta leƙa, ashe biyu ya sa. Na ji ƙafata ta motsa, na riƙe ginshiƙin. Ta ɗaga yatsu uku, ba ta gusa ba har ya ƙaro ɗayan, yana dafe ƙirji yana ba ta haƙuri.

A bakin lif ta tarar da ni. Ta ce, "Umma, tun ɗazu na gan ki. Gobe ki zauna a sama."