Malam Hambali, Mai Sa Wa Baƙaƙe Ɗankwali

A da, da hantsi za ka same shi a rumfarsa kusa da tashar Gwarzo, ya jera gwangwanayen tumatir cike da fenti, yana gwada bakin buroshi a bayan hannunsa. Shekara arba'in da ɗaya Malam Hambali ya yi yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci. Rubutunsa ba ya ɓuya. "B" ɗinsa tumbi gare ta, "S" kuwa tafiya take da yanga. Ko wanda bai iya karatu ba, in ya wuce allon mai shayin tasha sai ya murmusa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da Malama Zinnira ta ba ni. Ita ke koyar da ajin yaƙi da jahilci na matan aure a Mainika. Wata shekara mata talatin suka fara, kafin wata uku saura shida, har aka ce za a rufe ajin. Da ta bi su gida-gida, Inna Zubaidatu, mai shekara sittin, ta ce mata, "'Yar nan, baƙaƙen nan naku duk kamarsu ɗaya. Ni na gaji da jin kunya."

Malama ta kai kuka wurin Malam Hambali. Ya saurara, ya ce, "Ki ba ni bangon ajin kwana biyu."

Ya ɗaura kayansa a babur ya tafi. Ya zana "b" tsaye kai babu komai, kusa da ita "ɓ" ta kafa ɗaurin ɗankwali. "Ɗ" ya rataya mata lauje, "ƙ" ya ba ta ƙahon akuya. Matan da suka leƙo kallo suka yi ta dariya, suka zauna. Ba a rufe ajin ba. Bayan damina Inna Zubaidatu ta karanta ranar rigakafi a katin jikarta da kanta, ta sa aka kai wa Malam ƙwaryar fura har Gwarzo.

Kai ne, Malam, ba ka taɓa yar da lanƙwasar harafi ba, ko da injinan buga alluna suka zo suna mayar da "ƙasa" "kasa". Gwanin buroshi, mai haƙuri da bango.

Bana yanar ido ta sa ya ajiye aiki. Da na je gaishe shi, cewa ya yi, "Hannun yana nan lafiya, layin ne ba na gani."

Mun gode, Malam Hambali. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'ar zane daga Gwarzo har Kabo, ku je ku zauna gabansa tun yana iya kama hannunku ya nuna muku. Kullum da hantsi yana rumfar, kuma bai taɓa korar mai tambaya ba.