Bel Ɗin da Ya Tsinke Mana a Hanyar Sabuwa

Mun tashi daga Ƙanƙara bayan rana ta ɗaga, domin yanzu ba mai shiga wannan hanya da asuba, saboda 'yan bindiga. Ta'aziyya za mu Sabuwa, ni da mai ɗakina da ƙanena, a tsohuwar motata.

Ana gobe tafiyar na je sayen bel ɗin inji, wanda ke juya famfon ruwa. Mai shago ya ajiye mini biyu: na hannu ɗan Beljiyam mai kauri, da sabo fil a kwali mai ƙyalli, mai araha. Na yi tuƙi shekaru, na san yadda ake gwadawa. Na lanƙwasa sabon, na ga bayansa ya yi fari-fari, zaren cikinsa kuma tsiraru. Idona ya gani. Na ce ai tafiya ɗaya ce, na ɗauki mai araha na ɗaura a mota.

A Sheme muka sayi gasasshiyar masara, ta yi tsada har ƙanena ya tambayi mai gashin ko da taki ake sayar da ita. Muka yi dariya, muka wuce Faskari.

Daga nan hanya ta yi shiru. Masara ta fi mutum tsawo dama da hagu, ba ka ganin komai bayanta. Can sai na ji fat a gaban mota, jar fitila ta kama, allurar zafi ta fara hawa. Na taka kaɗan, tururi ya taso. Dole na tsaya.

Na buɗe gaban mota. Bel ya rabu biyu. Waya ba sabis. Mai ɗakina ta ja mayafi, tana salati ƙasa-ƙasa. Sai ga ƙarar babura daga cikin gona. Ƙanena ya ce mu shige masara, amma ƙafar matar nan ba ta gudu, ni ma haka. Muka tsaya kawai.

Manoma ne, da buhunan taki. Babbansu bai ko kashe babur ba.

"Baba, nan ba wurin tsayawa ba ne. Ku yi maza."

Ya kwance igiyar kayansa ya jefo mini. Na ɗaura ta a madadin bel, muka zuba ruwan shanmu a lagireto, muka rarrafa. Tana zamewa ina sake ɗaurawa, har muka ga rufin kwanon Sabuwa.

Can na sayi ɗan Beljiyam. Washegari muka biyo ayarin motocin kasuwa muka dawo gida lafiya.

Abin da na koya: kayan araha ba duka ne marasa kyau ba, amma wanda hannunka ya gwada ya ƙi, bar shi a shago. Da na buɗe wa mai ɗakina ƙofa a ƙofar gida, sai ta tambaye ni a hankali:

"Malam, da ka saya, ka san zai tsinke?"

Na ce mata na sani.