Cincin Bakwai a Murfin Kwano

Yayata ta dawo daga makarantar koyon aikin lafiya da wata kalma, wai kalori. Ranar Sallah ta ƙirga mini cincin bakwai a murfin kwano, wai kalorin da ke cikinsa ne ke sa ƙiba, ni kuma na fara tumbi. Sauran kuwa ina jin ƙaras-ƙaras ɗinsa daga ɗakinta.

Na ƙulla ta a raina. Ran da saurayinta ya zo daga Kafin Maiyaƙi da leda cike da gullisuwa, ni ya miƙa wa in shigar mata. Na tsaya a zaure na rabe wa yaran unguwa, na kai mata guda biyu a murfin nan dai.

"Ina sauran, ɗan banza?"

"Yaya, kalori fa. Ki ci ɗaya, ki ajiye ɗaya sai gobe."