Merle da Famfon Janairu

Ka taɓa tara hannu a famfon ruwan sanyi cikin Janairu ya kusa ƙona ka? Mu a garin Broken Hill mun saba, a nan Janairu tsakiyar lokacin zafi ne, bututu a rana yake yini. Amma Merle Treloar ba ta yarda da famfon nan ko kaɗan.

Merle maƙwabciyata ce, ta haura saba'in. A ɗakin wankinta take wanke fim ɗin hoto, ta toshe taga da bargo biyu. Na ƙirga bokitanta, shida ne.

Rannan Des Pascoe, tsohon mai askin tumaki, ya shigo mata da kular giyarsa, rai a ɓace, ina wajenta. Fim uku ya ɗauka a tafiyarsu ta ƙarshe da matarsa Noelene kafin ta rasu. Ya wanke biyu da kansa, duk sun fito a tsattsage kamar fatar kada. Saura ɗaya.

"Maganin wankin ne ya lalace," in ji Des.

"Kai dai ka lalace. Da me ka sanyaya shi?"

"Ƙanƙarar kular giyata mana."

"Ɗauraya fa?"

"Famfo."

Merle ta kama hannunsa ta tara a famfo. Ya fizge.

"Wayyo! Tsohuwar nan, dafa ni za ki yi?"

"Ashe da zafi! Ka fito da fim daga sanyi ka watsa masa wannan, ya ƙi tsagewa? Ko fatarka ta tsohon rago ba ta jure ba."

Ta aika shi ya ɗebo ruwan sama daga tanki. Ta cika bokiti, ta jera kwalaben magani da na ɗauraya duk a ciki, tana jefa ƙanƙarar Des kaɗan-kaɗan har sanyinsu ya zo ɗaya.

"Giyar tawa fa?"

"Sha da ɗumi, horonka ke nan."

Da ta wanke fim ɗin ta rataya shi, Des ya tsaya bakin ƙofa ya kasa matsowa. Ni na ƙirga masa: hoto talatin da shida, sumul, ba tsaga. A na tara ga Noelene riƙe da kifi, baki buɗe tana dariya. Des ya matso, ya cire hula.

"Kar ka taɓa, bai bushe ba," in ji Merle, murya ƙasa-ƙasa.

In kana da fim a ajiye, don Allah gwada dabararta: magani da ruwan ɗauraya su zauna a bokiti ɗaya, kuma ka taɓa famfo da hannunka tukuna.