Mama Keji da Hular Yayana

Tun kafin likita ya iso, Mama Keji ta riga ta zauna a ƙofar sashen masu dashen ƙoda a nan Ibadan, da farar rigarta ta nas da tabarau a karan hanci. Ba mai wuce ta a tsaye. Namiji ya cire hula ya rusuna, mace ta durƙusa ta zame ɗankwali. Mu dai son girma muka ɗauka, har gulmarta muke yi a layi.

Ƙodata ce a jikin yayana Lasun, shi ya sa nake raka shi. Maganin da ke hana jikinsa ƙin ƙodar ya raunana masa garkuwa, ɗan makeron da shafa mai ke kashe wa kowa, shi sai ya ci har nama. Bara ya daina rabuwa da hula, ko amala yake ci gumi na zuba. Ranar ganin likita ya gaida Mama da hular a kai.

"Lasun, sabuwar ƙoda ce ta mantar da kai manya?"

"Haba Mama, sanyi nake ji."

"Sanyi a wannan zafin? Cire, ɗana, ba yau na fara ganin sanƙo ba."

Ya cire. Makero ya cinye tsakiyar kan, ya kumbura yana ruwa. Ta sa ya zazzage aljihu, sai ga ƙwayoyin makero da ya sayo a kemis, bai kai ga sha ba. Likita ya ce da sun haɗu da maganin dashen, da ƙodar na iya lalacewa. Ni kuwa ba ni da wata da zan ba shi.

Aka kankari fatar aka gwada, aka ba shi maganin da ya dace. Ya warke sarai, har gashi ya dawo.

Mama, ke ce mai duba inda kunya ke ɓoyewa. Ashe ba girma kike nema ba, kawunanmu kike leƙawa. Mun gode, Allah ya saka. Ku nas-nas 'yan baya, ku gaji kujerar nan tata, ko da za a yi gulmarku.

Ranar walimar ritayarta Lasun ya zube ƙasa rub da ciki yana gaishe ta, hula a hannu. Ta gyara tabarau ta sunkuya ta leƙa kansa.

"Tashi, ɗana. Kan nan lafiya lau."