Muryar Inna a Cikin Waya

Shagon atamfarmu na Adjamé Liberté, Inna ce ke riƙe da shi a ka. Tun zuwanta Abidjan daga Nijar da ƙuruciya take sayar da zane, kuma duk macen da ta taɓa sayen ko turmi ɗaya, Inna ta san ta, ta san 'ya'yanta, ta san kalar da mijinta ba ya so. Biki, suna, rasuwa, tana can. Shi ya sa in za a fitar da anko, wurinmu ake zuwa.

Sai mantuwa ta fara kama ta. Da farko makulli ne, daga baya fuskoki. Ran da ta ce wa wata tsohuwar abokiyar cinikinta, "Baiwar Allah, daga ina?" bayan kaya na shiga na yi kuka. Tsoro ya kama ni, don in mutanen nan suka fita daga kanta sun fita daga shagon, ni kuwa ko rabinsu ban sani ba.

Ana cikin haka sai ga 'yar wasu tsofaffin maƙwabtanmu, wadda ta karanci kwamfuta. Ita da abokanta suna haɗa wata manhajar waya a wani ɗaki a Belleville ta Treichville, don ƙananan 'yan kasuwa su riƙa adana bayanin abokan cinikinsu. Hausarta duk ta cakuɗe da Faransanci.

"Tanti, ki gwada mana," ta ce. "Ba ta nuna ba tukuna. Duk abin da ya ba ki haushi ki faɗa."

"In dai faɗa ne, ai gidansa kika zo," na ce.

Na kuwa faɗa. Da an ɗauke rezo, wato sabis ɗin waya, sai abin ya sume. Rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero. Ga tambayar ranar haihuwa, wai don a taya mutum murna. Haba! Wace hajiya zan tsare in ce yaushe aka haife ki? Amma wani abu ya burge ni: in sabon kaya ya iso, da kanta take aika wa kowa hotonsa. Na riƙe baki, na ce ikon Allah, ina zaune waya na yi mini talla.

Tallar ce ta ja mana. Akwai wata hajiya a Adjamé Saint-Michel da mijinta ya rasu, tana cikin takaba. Sai ga saƙo ya je mata da hoton jar atamfa, wai ta zo ta yi kwalliya. Ƙanwarta ta kira tana huci. A ranar kan Inna garau yake. Ta yafa mayafi muka je ba da haƙuri.

Washegari na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, na tsallaka gada, sai Belleville. Na same su a ɗakin, fanka na ƙara, na sauke musu kwandon faɗa.

"Abinku ya san abin da mace ta saya, bai san abin da ya same ta ba! Mai takaba ake wa tallar kwalliya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Yako, Tanti," ta ce, irin sannun Abidjan. Sannan ta tambaya, "To, Inna ta yaya take sani?"

"Da baki. Ita ba ta rubutu."

Ba a jima ba ta dawo da gyara. Sun sa alamar da za a taɓa a kan gidan da aka yi rashi, talla ta tsaya. Sun kuma sa wurin ɗaukar murya a ƙarƙashin sunan kowa. Kullum da safe, lokacin da kan Inna ya fi washewa, sai in ambaci mutum in ajiye wayar kusa da kofin shayinta. Sai ta fara zubo bayani. Wance 'yarta na aure a Bouaké, kada a tambaye ta haihuwa. Wance ba ta son a yi mata ciniki a gaban mutane. Wance sai an ba ta kujera, gwiwa ke damunta. Na girma a shagon nan ban san rabin Adjamé na kwance a kan uwata ba.

Da hajiyar ta fita takaba, ta zo. Na riga na saurari bayanin Inna a kanta, don haka na kawo kujera, na tambayi 'yarta ta Bouaké, ban ambaci haihuwa ba. Ta sayi anko na bikin jikanta. Inna na zaune tana ta yi mata murmushin baƙi.

Bayan ta tafi na kunna wa Inna muryar. Ta karkata kai ta saurara har ƙarshe.

"Wace ce wannan mai maganar?"

"Mai shagon nan ce, Inna."

"Kai, ta san mutane," ta ce. "Ki riƙe ta da kyau, 'yar nan. Irinsu ƙarewa suke."