Muryar da ke Cikin 'Yar Rediyo

Ranar kasuwar Jega, wani dattijo yana tsaye gaban teburin Waliyyu mai tura karatu da waƙoƙi a waya. Rigarsa na warin albasa, ga alama manomin wajen Danwarai ne. A hannunsa akwai 'yar rediyo mai katin memori, ta tsage, an ɗaure ta da roba. Yana miƙowa yana janyewa.

"Ɗana, kwana biyu tana yankewa. In ka kwashe zuwa sabon kati, na cikin wannan ya ƙare?"

"A'a Baba. Kamar ɗibar wuta ne a murhun maƙwabta. Ko sau ɗari aka tura, ba ya raguwa, ba kuma mai hanawa."

Waliyyu ya zura katin a kwamfuta. Abu guda ne ciki: muryar wata yarinya tana karanta Tabaraka, tana tuntuɓe tana dariya. Bai tambayi ko wace ce ba, don dattijon bai ko ƙifta ido ba har aka gama turawa.

"Ƙara kati guda," in ji dattijon. "Tun da muka rasa ta, uwatta ba ta iya saurare tukuna, amma wata rana za ta nema."